Inda Aka Binne Cibiyarsa

Jajiberen Kirsimeti, aikin dare ya faɗo kaina
a ƙaramin asibitinmu na Kakuri,
bayan katangar masaƙar da ta daɗe da yin shiru.
Zanen da zumuntar mata ta fitar bana
yana rataye a ƙusa cikin leda, ko gwadawa ban yi ba.

Sha ɗaya ta gota aka kawo Zigwai a keke,
faya ta riga ta fashe tun a hanya.
Wuri biyu suka juya ta:
can babu gado, can kuma sai an ajiye kuɗi.
Ban ce uffan ba.
Labarin dai na taɓa jin irinsa.

Sai aka ɗauke wuta.
Baba Tasalla mai shara ta ajiye carbinta,
ta haska mini tocilan waya,
tana cewa yunƙura, ƴata, yunƙura.

Shekara ashirin da uku ina karɓar haihuwa,
ban ga wanda ya shigo duniya da riga ba.
Da jini ake zuwa, da majina, da ihu,
hannu a dunƙule kamar mai bin bashi.
Amma a hoton da ke bangon majami'armu
jaririn fes yake, har da haske a ka,
uwar ko gumi babu.
Wanda ya zana shi bai taɓa kwana a ɗakin nan ba.

Ni tambayata ta ungozoma ce.
Wa ya yanke masa cibiya a Baitalami?
Da wace aska?
Wa ya hura wuta, ya ɗora ruwan zafi,
ya gasa wa Maryamu jiki?
Shi da ya shata wa kogin Kaduna hanya,
ya rataye taurari ba ƙusa ba igiya,
sai da aka tallafe masa wuya kada ya lanƙwashe.
Mai ciyar da kada a ruwa da balbela a tudu
ya yi ta lalube da baki, yana koyon kama nono.

Nan ne hankalina ke tsayawa, kowace shekara.

Mu nan in ana son sanin asalin mutum
sai a ce, ina aka binne cibiyarka?
Da baƙunci ya kawo shi, da mun shimfiɗa tabarma,
mun yanka kaza, gobe mu yi rakiya,
don baƙo raɓa ne.
Shi kuwa tasa cibiyar tana cikin ƙasar nan,
ƙasar da muke nomawa, muke faɗa a kanta,
wadda na sa ɗana Tonak a cikinta a Kagoro
yana da wata bakwai.
Allah tare da mu, in ji fasto.
Ni na ce: Allah ɗan gari.
Ya san yunwa, ya san zazzaɓi,
ya san hanyar kabari, ya kuma san ta dawowa.

Ɗaya da kwata ta faɗo hannuna. Mace.
Shiru.
Na murza bayan, na tsotse hancin,
na ce Yesu, kai ma ka bi ta ƙofar nan.
Sai ta tsala kuka.
Baba Tasalla ta ce alhamdulillahi,
wayar ta suɓuce, muka yi dariya cikin duhu.

Da asuba uban ya taso daga gadi
da burodi ɗaya da ledar da za a sa mabiyiya.
Ya ce a bayan ɗakinsu zai binne, gindin gwanda,
ko da yake gidan haya ne.

Ƙararrawa na bugawa daga Nasarawa.
Na wanke hannu har gwiwa, na dubi zanen nan.
Bari ya jira.
Da kayan aiki zan tafi sujada,
ba zai ƙi warinsu ba.