Allura Biyu

Shekara hamsin ina ɗinkin aska takwas a Amaru,
allura ta san yatsana, yatsana ya san allura.
Da tsufa sai aka ba ni wata, gajeruwa,
ba ta ɗinka komai.
Ɗigon jini take bara kullum da asuba,
kafin a dama koko.

Ni da farko cewa na yi sammu ne:
ƙishirwa kamar na haɗiye Kufena,
tashin dare sau bakwai,
tururuwa na bin sawuna har bayan gida.

Yanzu ran Laraba muna zauren Malam Barau,
tsofaffi goma sha ɗaya, kowa da littafi a aljihu.
Sista Rahila ta sauko daga bayan acaɓa
ta ajiye faranti bisa tabarma:
"Rabin nan na zogale ne da rama.
Nan wake, ko kifi in an samu.
Tuwo kuwa, daidai dunƙulen hannunku,
ba hannun mai dako ba."
Muka yi dariya, dariya mai ɗacin maganin zazzaɓi.

Gwaggo Delu ta ce, "To fura fa?"
Aka ce ludayi kaɗan, ban da sukari.
Ta gyara lulluɓi, ta yi gum,
kamar an yi mata rasuwa.

Tanimu ba ya magana, takalmi yake cirewa.
Ƙusa ya taka, mako guda bai ji ba,
ya baro yatsu biyu a Shika.
Tun daga nan nake duba tafin ƙafata da madubin askina,
in shanya tsakanin yatsu bayan alwala.

Mai shayin Ƙofar Doka ya daina tambaya,
in ya hango ni sai ya rufe gwangwani.
Bayan la'asar ina takawa har Ƙofar Gayan,
dabino uku a aljihu,
ko da jiki zai ɗau rawa a hanya.

Jikata Lantana ke rubuta lambobi.
Wata rana su hau, ta harare ni,
in amsa laifin alkakin gidan suna.

Jiya dai, da hantsi,
ban kira kowa ba,
na lashi zare, na saita ido,
ya shige kafar allura.
Sau uku na gwada. Amma ya shige.