Kunkuru Biyu a Baƙin Gida

Kwana tara bayan mun kai Baba Ushangi makwancinsa
na buɗe ɗakinsa a Kutaisi.
Kogin Rioni na ta surutu a ƙarƙashin taga
kamar ba a yi rasuwa ba.
Shayi ya bushe ya bar zobe a gindin kofi,
tabarau a kife,
ga allon ces a kan tebur,
wasa a tsaye, ba a ƙarasa ba,
ƙura ta sauka kan sarki da dakare daidai wa daida.

Ban taɓa gwanancewa a wasan nan ba,
amma ya koya mini bin sawu.
"Tsisana," yakan ce, "kar ki tambayi allo ina za shi.
Tambaye shi daga ina ya fito.
Ruwa ba ya tsami banza."

Sai na ja kujera.
Fari nasa ne kullum, baƙi na Domenti,
maƙwabcinmu na hawa na uku,
wanda tun da matarsa ta rasu
ƙarfe huɗu ba ta taɓa samunsa ko'ina ba sai ƙofar nan.

Mu a nan, ɗan da ke tafiya a karkace
kunkuru muke ce masa.
Kowa da biyu yake farawa,
ɗaya a farin gida, ɗaya a baƙi,
kuma har a naɗe ƙasa
babu mai taka launin ɗan'uwansa.
To ga kunkurun Baba biyu,
dukansu a baƙin gida.

Na ce ko hannun tsufa ne ya goce,
ko kyanwa ta bi ta kai.
Amma ɗayan yana can ƙarshen allo,
a layin abokin gaba,
hanyoyinsa biyu a toshe
da baƙaƙen dakaru da ba su taɓa ɗaga ƙafa ba.
Ta ina ya shiga?
Bai shiga ba.
A nan aka haife shi.

Na koma da baya, taku bayan taku,
kamar mai warware saƙa.
Wani ƙaramin dakare ne ya taso tun daga gida,
gida ɗaya, gida ɗaya,
ya bi ta inda doki ya bari a buɗe,
ya kai bango.
Wanda ya kai bango kuwa, sai ya zaɓi abin da zai zama.

Na cire kunkurun. Na ɗora sarauniya a gurbinsa.
Numfashina ya tsaya.
Layin fayau yake har zuwa baƙin sarki,
shi kuma dakarunsa uku sun tsare masa gaba,
ba shiga, ba fita.
Da sarauniya, wasa ya mutu nan take.
Ko karusa ma ta isa.

Baba ya gani.
Mutumin da ke hango taku bakwai a gaba
ba ya makancewa a taku ɗaya.
Ya miƙa hannu cikin akwatin waɗanda aka ci,
ya ɗauko mafi sanyin tafiya,
ya ajiye.

Ƙarfe huɗu, aka ƙwanƙwasa.
Domenti ne, hula a hannu,
ya ce ƙafarsa ce ta kawo shi, bai aike ta ba.
Na nuna masa.
Ya daɗe yana kallon itacen inabin da ke baranda.
"Na sani," in ji shi.
"Na yi masa dariya, na ce tsufa ya cinye ka.
Ya ce e, ya cinye ni, gobe ka zo mu ƙarasa."

Na mayar da kunkurun gidansa,
daidai kan da'irar da ƙura ta bar masa.
Na ɗora ruwa a wuta.
Da na dawo, ya riga ya zauna,
yatsunsa na rawa a kan doki.
"Nawa ne taku," ya ce.
"Zauna. Kujerar ba ta cizo."