Akori-kurar Tsoho Arrieta

Ranar da na saye ta a Winnemucca
tsoho Arrieta bai ƙirga kuɗin ba.
Hannuna ya kama, ya juya tafin,
ya ga kanta, sannan ya miƙo makulli.
Ya ce, "In ka murɗa, ban da garaje,
jira 'yar fitilar nan ta mutu tukuna.
Ba ta son a tashe ta da tsawa."
Na ce, ni ma haka.

Mil dubu ɗari biyu da saba'in a goshinta,
ƙofar hagu sai an sa kafaɗa,
kujera ta lotsa daidai ƙugun wani,
wata uku ina zama a ramin da ba nawa ba.

A gida, gas muke ce wa abincinta.
Nan na shiga gidan mai na ce gas,
aka nuna mini fetur,
saura ƙiris in ba ta guba da hannuna
sai wani direban tirela ya dafa ni:
"Mai koren hannu, ɗan'uwa, mai koren hannu."
Ashe kalma ma in ta haye teku
sai ta sake hali.

Aikina rijiyoyin shanu.
Famfo ya tsaya a inda ba mai jin kuka,
sai a kira Mantau.
In loda bututu, igiya, jarka biyu, tayar safaya,
in bar kwalta tun rana ba ta wanke ido ba,
mil tamanin ba gida, ba sandar wuta,
waya ta zama dutse a aljihu.
Daga ni sai gurnaninta,
sai ciyawar nan mai ƙamshin tazargade
da ke tuna mini ɗakin kakata in zazzaɓi ya zo.
Shanu kan hango mu tun daga nesa,
su bi bayanmu a jere, harshe waje.
Ba ni suka sani ba. Muryarta suka sani.

Lantana ta ajiye littafi musamman:
batir biyu, famfon mai, tayoyi huɗu a watan Maris.
Takan ce, "Wannan ta fi yaran nan ci."
Ba na musu.
Amma wa ya kawo kuɗin littafin?

Janairu ta nuna mini iyakata.
Na kwana a bakin dutse ban zuba mata maganin sanyi ba,
da asuba dizal ya kame kamar man shanu a ƙwarya.
Na murɗa, ta yi tari, ta yi shiru.
Na murɗa. Shiru.
Na yi taimama a ƙasar da ta daskare,
na yi salla a bayanta tsakanin sifana da bututu,
na lulluɓe hancinta da bargona
ni kuwa na zauna haƙora na kaɗawa.
Barewa uku suka tsaya suna kallon
mutumin da ya ba ƙarfe mayafinsa.
Sai wajen azahar, da rana ta taɓa tanki,
ta yi gyaran murya, ta tofar da farin hayaƙi,
ta kama.
Ban taɓa jin daɗin hayaniya irin na ranar ba.
Lantana ba ta san wannan labarin ba, kada a gaya mata.

Bara aka binne Arrieta.
Na je da ita, na faka can ƙarshen layi,
ban wanke ta ba, na san ba zai so ba.
Jikarsa ta zo ta leƙa ta taga,
ta shafa sitiyari, ta ce har yanzu tana warin tabarsa.
Da ta zauna a kujerar sai ta muskuta,
ta sake muskutawa,
ta ce, "Wannan ramin ba nasa ba ne."

Gobe akwai famfo a arewacin Denio.
Na cika jarka tun yamma.