Ƙugiya da Na'urar Uwani

Shekara arba'in ina shiga rijiya a Daura,
igiya a ƙugu, fitilar ƙwai a cikin kwando.
In harshen wutar ya yi laushi, sai in ja igiya sau uku
a fid da ni kafin numfashi ya ƙare.
Gaba goma sha takwas, nan ce iyakata.

Uwani, autata, ta zo hutu daga bakin teku
da wata aba a akwati, kamar tukunyar miya,
idon gilashi ɗaya, fitilu biyu,
da 'yan farfela huɗu a gindinta.
Ta ce babbar tana can a jirgi, girman bijimi,
mai hannun ƙarfe da yatsu uku,
tana sauka inda rana ba ta taɓa leƙawa ba,
inda ruwa kan lanƙwasa ƙarfe kamar gwangwanin madara.
Wai sukan aika ƙara ƙasa su jira ta dawo,
da jinkirinta suke auna zurfi.

Na ce, to ai ni ma tsakuwa nake jefawa
in kasa kunne.

Bayan la'asar muka zura ta rijiyar tsakar gida,
yara suka yi cincirindo a kan allo.
Ga gansakuka, ga kwaɗo ya zazzaro ido,
ga gugan Ɗanbaba da ya gagari ƙugiyata,
ga matakan da na sara da hannuna
shekarar da aka haife ta.
Can ƙasa, cikin laka, wani abu ya yi ƙyalli:
awarwaron mahaifiyarta,
wanda ya suɓuce wata Laraba tana jan ruwa.
Sau biyu na shiga ina lalube,
har ta bar duniya ban samo mata ba.

Uwani ta tsai da farfela. Laka ta kwanta.
Ba wanda ya ce uffan.

Can ta ce, Baba, wannan ba ta da hannu,
gani kawai take yi.
Na je bayan rumbu na ɗauko ƙugiyata,
tsatsa ta cinye mata haƙori ɗaya.
Tana haskawa, tana cewa dama, dama kaɗan, tsaya,
ni ina sakin igiya taƙi-taƙi,
har aka kira magariba ba mu ji ba.