Mai Gadin Zaure a Aliero

Mu arba'in muka fara, 'yan albasa,
na'urar tana bayan shagon Ɗanjuma
tana shan batirin sola.
Yau mun haura dubu tara.

Ba mu da sarki, haka muka so.
Jega da zaurenta, Yauri da nata,
kowa da makullinsa.

Daren Laraba wani ya rubuta
wai an rufe iyaka, farashi zai faɗi.
Na goge.
Kafin in kurɓi ruwa
ƙaryar ta tsiro a Zuru, ta yi 'ya'ya a Kamba.
Na kira Hantsi mai gadin can,
wayarsa a kashe.

Da safe Inna Kulu ta karyar da buhu talatin.
Ni ta zo nema.
Tsintsiyata kuwa
iyakarta ɗakina.