Ɗakin Fartanya

Shekara uku fartanyar marigayi Ilu
tana kwana a bayan ƙofar kicin,
ita da shebur, da buhun takin da ya sha ruwa ya daskare,
da baron da ke kuka duk sanda aka tura shi.
Ranar da jikata Fiddausi ta fasa goshi a kan manjagara
na ce, ya isa.
Kayan lambu ma sun kai a yi musu ɗaki.

Na auna wurin da igiyar shanya,
tsakanin bishiyar fiya da kunyar kabeji:
taku shida, taku huɗu.
Na ƙulla, na cusa a jaka, na tari Keke.

A Dilimi wani mai walda, tabarau a goshi,
ya nuna min akwatin ƙarfe mai shuɗin fenti,
ya mare shi da tafi, ya amsa kamar ganga.
"Hajiya, wannan sai ɓarawo ya koma gida da kuka."
Na leƙa. Duhu da warin fenti.
Na tuna yadda ƙarfe ke gumi da asubar Jos,
irin karas ɗina zai ruɓe tun bai ga ƙasa ba.
Kuɗin kuma, fanshon wata bakwai.
Na ce zan dawo.
Ni da shi duk mun san ba zan dawo ba.

A Katako, Dalyop kafinta bai fara da kuɗi ba.
Ya karɓi igiyata, ya ware ta cikin dusar katako,
ya ce, "Baron naki, faɗinsa nawa?"
Na yi shiru.
"Ƙofa ake fara aunawa, Mama, bango ya biyo baya."
Ya ce gara ba ta jin magiya,
a ɗora ɗakin kan duwatsu, a shafe ƙafafunsa da baƙin mai.
Kwano kuma mai kauri,
don ƙanƙarar garin nan ba ta yin sallama.
"Taga fa?"
Na ce, me fartanya za ta kalla?
Ya soke fensir a bayan kunne, ya ce, "Ba don ita ba."

Ya ce dubu ɗari uku da hamsin.
Na taya ɗari biyu, ya ce albarka.
Na gyara mayafi na kama hanya,
ya bar ni sai da na kai bakin titi, sannan ya kira.
Muka daidaita a ɗari biyu da tamanin,
gyarana kwado ɗaya da ƙusoshi shida na rataya.

Ran Laraba ya iso a bayan a-kori-kura, bango daban, rufi daban.
Maman Nanret ta leƙo ta katanga:
"Shago za ki buɗe ne?"
Na ce, a'a, baƙi zan sauka.
Kafin la'asar ya tsaya da ƙafafunsa,
ya ɗan karkata hagu, kamar mai sauraro.

Ina cikin rataye kaya hadari ya haɗo daga Bukuru.
Shebur a ƙusa ta farko, manjagara can sama
inda hannun Fiddausi ba zai kai ba.
Da na ɗauki fartanyar,
yatsuna suka faɗa inda nasa suka cinye ƙotar.

Sai ƙanƙara ta sauko.
Kwano ya ɗauki kiɗa, ban ji ko numfashina ba.
Na kifa bokiti na zauna,
fartanya a cinya, fuskata a tagar da na ce ba na so.
Ga kabeji yana shan duka, ga fiya tana rawa,
ga lambun nan kaf, daga kunya zuwa kunya,
yadda ban taɓa tsayawa na gan shi ba.

Washegari na tarar da kazar maƙwabta
ta riga ni tarewa.
Ƙwai ɗaya, a cikin baro.
Na bar mata ƙofar a buɗe.