Zaren Ƙasa

Shagona na bayan tasha, can Ƙofar Ƙaura,
keke ɗaya, benci ɗaya, da almakashin da ya girme ni.
Ɗinkin Kirsimeti duk an karɓe,
har na mai rantsuwar zai biya ran Talata.
Na share ƙyallaye na cusa a buhu.
Saura atamfa ɗaya a saman kabad,
na kasa yanka ta, na kasa ba wani ma.

Ta Afiniki ce.
Ita ta zaɓo abinta ana tsakiyar ruwa,
ta ce, "Filibus, kai mai ɗinka wa duniya,
bana kada ka bar ni da tsohon zane."
Na ce bari damina ta ɗaga.
Damina ta ɗaga, gero ya shigo gida,
ita ce ba ta jira ba.
Kwana tara a asibiti, ran na goma ta koma.

Tun ran nan ban taka coci ba.
Fasto ya zo ya zauna a bencin nan,
yana magana ina taka keke don kada in ji.
Addu'a in na ɗauko, sai ta tsinke kamar ruɓaɓɓen zare.
Na ce wa Ubangiji, ka yi kuskuren awo,
ka ɗinka mini shekarar da ba ta shige ni,
ta matse ni a ƙirji, ko numfashi sai da fama.

Yau talatin da ɗaya ga wata.
Damaris ta yi barci a kan benci, da takalmi a ƙafa.
Malam Rabe mai shayi ya miƙo kofi ta taga,
ya ce, "Naku sun fara kiɗa, kai kana nan?"
Na yi shiru.
Ya ce, "To sha da zafinsa, maƙwabci, ka ji dama."

Sai keken ya ƙi.
Allura na hawa tana sauka, ɗinki ba ya zama,
ramuka kawai a jere.
Na buɗe ciki na duba, zaren ƙasa ya ƙare.
Shekara ashirin da shida ina wannan sana'a,
yau na tsaya ina kallo kamar sabon yaron shago.
Zaren da ake gani shi ake yabo.
Wanda ke ƙarƙashi, ba mai tambayar launinsa,
amma in babu shi, banza ne aikin na sama.

Wa ya riƙe ni tun kaka?
Wa ya koya wa 'yar shekara tara hura wuta?
Wa ya turo matan zumunta da tuwo, sati bakwai ba fashi,
ni kuwa ina ɗaure musu fuska?
Na ɗauka ka tafi, Yesu.
Ashe ƙasa ka shiga, inda ido ba ya kai,
duk inda allura ta huda ni, nan ka kama.

Ban ji wata murya ba, haske bai sauko ba.
Na dai naɗa zare, na mayar, na sauko da atamfar.
Awon uwar na nan a kaina.
Na bar shi a nan, na ɗauko na ɗiya.
Da almakashi ya shiga, hannuna ya yi rawa,
ya yi, ya yi, har ya gama.

Sha ɗaya da rabi na goge riga.
Iska na kawo amon tulun mata daga coci.
Na tashi Damaris ta sa, hannun ya rufe mata yatsu.
Ta ce, "Baba, ya yi yawa."
Na ce, "Baɗi za ki cika shi."
Muka ja ƙofa, tana riƙe da yatsana mai tabon allura.
Kewar na nan, ban ce ta tafi ba,
tare muke tafe, ta dai daina shaƙe ni.
Dattijo Sila ya matsa mana wuri, bai tambaye ni komai ba.
Na zauna. Aka ce shekara ta shigo.
Na gode, iyakar abin da bakina ya iya ke nan.
Sauran ɗinkin na bar maka, Mai Salama.